Tsamiya a Tukunyar Rini

Guangzhou, 2 ga Yuni, 2008

Yaya Ma'azu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Yaya Fasuma da yara da duk mutanen Majema. Ni da Asma'u muna lafiya, sai zafi da laima. Yau kwana hamsin da ɗaya da rasuwar ƙaninka.

Ranar Laraba na gane abin da ya faru, ina zaune a tsakar ɗaki, wata mata 'yar Sin tana ɗora takarda a kan takarda a gabana. Kafin nan kwana biyu na yi ina murna, abin da nake jin kunyar faɗa maka ke nan.

Ka san shekara huɗu ke nan da ya shigar da takardu a ofishin da ke rajistar ƙirƙira a ƙasar nan, a kan rininsa na jar fata wanda ba ya zuba. In sun yarda, sai a ba da takardar mallaka da sunansa, babu masana'antar da za ta yi aiki da rinin sai da izini. Ranar Litinin da ta wuce amsa ta zo, da rubutunsu. Ina takaba, ba na fita, sai na kira Habsatou, maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi mai sarin kaya a kasuwar Kanan, wadda take jin yarensu. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Sun ce abin a bayyane yake." Yaya, sujada na yi. Na ɗauka cewa suka yi a bayyane yake aikinsa ne, babu jayayya. Na dafa shinkafa tukunya guda na aika masallaci sadaka.

Sai ranar Laraba ga Madam Liyang, lauyar da ke riƙe masa takardun. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta ƙi hawa kujera da ta gan ni a ƙasa. Ta ajiye takarda ta farko, ta ce wannan tsohon rubutu ne na wani bature, ya ce ana rina fata da karan dafi da ruwan toka. Ta ajiye ta biyu, ta ce wannan kuma ya ce tsami yana kama launi a jikin fata. Sai ta ɗora ta biyun a kan ta farko ta daidaita gefensu, ta dube ni. Habsatou ta fassara mini. A wurinsu, in an ce abu a bayyane yake, ana nufin duk wanda ya karanta wannan ya karanta wancan zai haɗa su da kansa. Wato bai ƙirƙiri komai ba. Sun ƙi.

Shekara bakwai, Yaya. Yatsunsa har ya koma ga Allah jajaye ne, masu wanka sun tambaya.

Akwai ɗaukaka ƙara, ana kai ta gaban wasu alƙalai a Beijing, amma sai a cikin wata uku, ranar 26 ga Agusta ƙofa za ta rufe. In ta rufe, kowace masana'antar jaka a garin Shiling za ta ɗauki rinin ta yi aiki da shi, sunansa ba zai fito ko'ina ba, Asma'u ba za ta gaji komai a ciki ba. Madam ta ce tambayar alƙalan guda ce: mutumin da ya san sana'ar nan, zai kai ga wannan da sauƙi ko ba zai kai ba? Babu wanda ya fi ka sanin sana'ar. Don Allah ka rubuto mini abin da majema suka sani game da karan dafi da tsamiya.

Alhaji Maidaji mai sarin takalma a Zhanxi Lu ne zai kawo maka wannan, kuma zai dawo ƙarshen wata.

Ƙanwarka,
Yalwa

Kano, 21 ga Yuni, 2008

Yalwa,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, mun ji lafiyarku, mun gode Allah. Mu ma ƙalau, sai gwiwata da ke tashi da damina. Fasuma tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci. Allah Ya jiƙan Ghali, Ya ba ki ladan haƙuri.

Shinkafar da kika dafa ba ta faɗi ƙasa ba, ladanta yana wurinsa. Kada ki ƙara jin kunya a kanta.

Amma raina ya ɓaci da mutanen nan. Wato wani bature ne zai koya mana karan dafi? Kakanmu yana rina jar fata tun baturen bai san hanyar Kano ba. Da na karanta wa mutane wasiƙarki bayan la'asar, Malam Illa ya miƙe tsaye da sandarsa, ya ce a kai shi Beijin ɗin ya gan su. Shekararsa tamanin, ko Wudil bai cika zuwa ba.

Na yi abin da kika ce, har na ƙara. Na tara majema goma sha ɗaya, duk manya, aka rubuta takarda da Turanci, kowa ya dangwala yatsa. Mun shaida cewa karan dafi da toka da tsamiya gadonmu ne kaka da kakanni, babu yaro a Majema da bai san su ba, kuma duk wanda ya tashi a gidan jima zai yi wannan aiki ido rufe. Su san Ghali ba a titi ya tsinto ba, ɗan gado ne. Ki miƙa wa matar nan ta kai musu, mu ga ta inda za su ɓullo.

In kin fita takaba ki tattaro ki dawo gida. Ɗakinki yana nan.

Yayanki,
Ma'azu

Guangzhou, 6 ga Yuli, 2008

Yaya,

Assalamu alaikum. Mun samu saƙo, har da kilishin da Yaya Fasuma ta sako. Asma'u ta yi mura ta warke. Allah Ya sawwaƙa gwiwa.

Ban san ta inda zan fara ba. Laifina ne, ban yi maka bayani yadda ya kamata ba, don ni ma a lokacin ban gama ganewa ba.

Madam Liyang ta karanta takardarku har ƙarshe, ta dafe kai. Ta ce, "Wa kika nuna wa wannan?" Na ce babu kowa. Ta ce in ɓoye ta a ƙasan akwati. Yaya, abin da kuka shaida shi ne daidai abin da ofishin ya faɗa. Sun ce kowa zai iya, ku kuma kun dangwala yatsa goma sha ɗaya cewa kowa zai iya. Da ta je Beijing da shi ke nan.

Bari in faɗa maka yadda suke auna abin, yadda ta zauna ta koya mini har sau uku. Alƙalan ba wani majemi na gaske suke tambaya ba. Wani mutum suke ƙagowa a ransu, wanda babu shi a duniya. Ya karanta duk abin da aka taɓa rubutawa a kan jima da rini kafin ranar da marigayi ya shigar da takardunsa, ba ya mantuwa, hannunsa ya iya aiki, amma bai taɓa tunanin komai da kansa ba, sai abin da aka nuna masa. Habsatou tana cikin fassarawa ta tsaya, ta ce, "Wallahi wannan mijina ne, ashe har Beijing an san shi." Na yi dariya, ita ce ta farko tun watan huɗu, sai kuma na yi kuka.

To, sai su ɗauki tsohon rubutun da ya fi kusa da aikin marigayi, su duba inda suka bambanta. Bambancin guda ne. Kowa yana rina fata ya gama, sannan ya ɗauraye ta da ruwan tsamiya. Shi kuwa a cikin tukunyar rinin yake sa tsamiyar, tun fata ba ta shiga ba. Sai su tambayi wancan mutumin nasu: da kai ne, akwai abin da zai tura ka ka sa ta a tukunya? Ofishin ya ce e, sauya gaba da baya ne kawai. Madam ta ce da ma haka abu yake, in an riga an nuna maka amsa sai ka ga kamar kullum tana nan. Ta ce alƙalan su ma sun san wannan tarko, an hore su kada su faɗa, amma sai mun ba su abin riƙewa.

Abin riƙewar iri biyu ne. Na ɗaya, a nuna sakamakon ya wuce abin da kowa zai yi zato, kuma sai in marigayi da kansa ya ambata a takardunsa na farko, ba a ƙaro sabon zance daga baya. Allah Ya taimake mu ya rubuta layi guda, cewa fatar ta yi kwana casa'in a cikin laima ba ta zuba a farin ƙyalle ba. Za a sake gwadawa, tsohuwar hanya da tasa, gefe da gefe. Na biyu, a nuna cewa masu sana'ar gudun wannan hanya suke yi, suna ganin ɓarna ce.

Yaya, a nan ne nake neman gafararka tun kafin in faɗa. Ina amarya, shekarar da marigayi ya dawo daga makarantar fata. Ina tsaye a bakin zaure da kwanon abincinku. Ya zuba ruwan tsamiya a tukunyar rini a gabanka. Ka ce masa tsami kashe rini yake yi, ko jariri ya sani. Ka ce boko ya cinye masa kai. Ka sa ƙafa ka ture tukunyar, jan ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa har titi, mutane suna dariya, Malam Illa yana cewa a kai shi a yi masa ruƙiyya. Marigayi bai ci abincin ba. Wata biyar bayan nan ya taho ƙasar nan.

Bai taɓa zaginka a gabana ba, ko sau ɗaya. Ni ma ban ɗauko zancen don in tona ba. Amma abin da alƙalan suke bukata ke nan: ba cewa kun sani ba, cewa kun hana. In za ka iya rubuta wannan, ka rubuta. In ba za ka iya ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba.

Yalwa

Guangzhou, 3 ga Agusta, 2008

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ƙalau.

Mako huɗu shiru. Na kira wayar Yaya Fasuma sau biyu, ta ce ka fita. Na san na yi maka rashin kunya, mace tana takaba tana tuna wa yayan mijinta abin da ya wuce. Ka yafe mini. In takardar ba za ta samu ba, ka bar ta, amma kada ka yanke mu, Asma'u ba ta da wani uba sai kai.

Garin nan ya canza saboda wasannin Olamfik da za a fara ranar Juma'a. Ko'ina tutoci, ko'ina ana duba fasfo. An daina sabunta biza, duk wanda ya je sai a ce masa meyo, wato babu. Rabin mutanenmu na unguwar Sanyuanli sun tafi. Tawa za ta ƙare ranar 29 ga wata.

Gwajin kuwa an fara tun 12 ga Yuli. Masana'antar da yake wa aiki a Shiling ta aiko da fatun awaki, amma babu wanda ya iya haɗin, don lawban ɗinsu, wato mai masana'antar, ya ce marigayi shi kaɗai yake shiga ɗakin rini. Littattafansa kuma da ajami ya rubuta su. Madam ta juya su sama da ƙasa, ta ce wannan wane irin Larabci ne da Balarabe ya kasa karantawa? Sai na ce ta kawo. Ni da ban wuce aji shida ba, ni na zauna ina karanta wa lauya. Da na zo kan awon sai na ga ashe hannuna ya riga ya sani, don ni nake riƙe masa cokali a kicin ɗin nan. Ba a zubawa da zafi, sai tukunya ta huce ta koma kamar ɗumin jiki. Kuma ba a zubawa gaba ɗaya, ɗigo-ɗigo ne, ana juyawa. Na rina goma sha biyu da hanyarsa, goma sha biyu da taku. Madam ta kai rabi wurin masu gwaji, rabi suna rataye a banɗakina, kowace an ɗaure ta da farin ƙyalle. Taku tun kwana na tara ƙyallen ya fara ja. Tasa har yau fari fat.

Ina shiga in duba su fiye da yadda ya kamata. Warin ɗakin irin na rigunansa ne.

Wani ɗan kasuwar Kwari ne zai kawo maka wannan, don an ce Alhaji Maidaji bai samu shigowa ba.

Yalwa

Kano, 13 ga Agusta, 2008

Maman Asma'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa yana ta sauka. Wasiƙunki biyu suna gabana.

Ba ki yi mini rashin kunya ba. Kuma ba zan fake da Maidaji ba, ko da yake gaskiya ne an hana shi biza. Wasiƙarki ta Yuli ta iso a kan lokaci. Ina gida duk sau biyun da kika kira, ni na ce a ce na fita. Na yi fushi kwana uku, sauran kwanakin ba fushi ba ne.

Ashe kina bakin zaure ranar. Ban gan ki ba.

Akwai abin da ba ki sani ba. Sau biyu yana aiko mini da awon nan a rubuce, yana cewa, "Yaya, ka gwada ko a fata ɗaya ce." Ban gwada ba. Na sa takardun a cikin akwatinsa na makaranta na rufe. In ya kira waya muna gaisawa, ya tambayi gwiwata, in tambayi sanyin ƙasarku, mu ajiye. Ina jira ya dawo in ce masa wani abu, ban ma shirya me zan ce ba.

Ran Asabar da ta wuce na buɗe akwatin. Na ɗauki fata uku na shiga baya ni kaɗai. Ta farko na zuba tsamiyar yadda na san kowa zai zuba, rini ya tsinke nan take, ya kwanta a gindin tukunya, fata ta fito kamar an wanke ta da ruwan kwata. Na ce to, ga abin da na faɗa. Ta biyu ma haka. Ta uku na bi rubutunsa kamar ɗan koyo, na jira tukunya ta huce, ina ɗigawa ina juyawa har hannuna ya gaji. Yalwa, shekara arba'in da shida ina jima, ban taɓa ganin ja irin wannan ba. Na jiƙa ta na goga a hannun farar rigata. Babu komai. Na zauna a wurin har aka kira azahar ban tashi ba.

Na koma wurin mutanen nan goma sha ɗaya da fatar a hannu. Uku sun ƙi, sun ce ba za su sa hannu a takardar da ta ce majeman Kano ba su san wani abu ba. Ban matsa musu ba, makon jiya ni ma haka nake. Takwas sun dangwala. Malam Illa ya ce a rubuta har da maganar ruƙiyyar, kada a rage masa komai. Tawa daban na rubuta ta, da sunana, na faɗi ranar, na faɗi abin da na ce, na faɗi ƙafar da na sa.

Na kuma samu wani abu a akwatin, ko zai yi amfani. Littafin da aka koyar da su da shi ne, bugun Turanci. A shafi na sittin da biyu an ce kada a kuskura a sa tsami a tukunyar wannan rini. Ya ja layi a ƙarƙashi, ya rubuta a gefe da ajami: "Me ya sa?" Ni ban taɓa tambaya ba.

Duk na ba ɗan Kwarin, jirginsa jibi. Ki shafa mini kan Asma'u.

Ma'azu

Guangzhou, 24 ga Agusta, 2008

Yaya,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso ranar Lahadin da ta wuce, washegari na fita takaba. Muna lafiya. Asma'u ta ce a gaya wa Baba Ma'azu ta iya ƙirga ɗaya zuwa ɗari da yaren nan.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ba ni da abin cewa a kanta sai Allah Ya saka da alheri. Da yana nan da ya ce, "Yaya ke nan," ya shiga kicin yana murmushi, ka san shi.

Fitata ta farko ofishin Madam Liyang na je, ni da Habsatou. Ta karanta shaidarku a hankali, da ta zo wurin tukunyar sai ta cire tabarau. Amma ba ta ɓoye mini ba, ta ce alƙalan ba su cika ba maganar mutane nauyi ba, don kowa yana iya tara 'yan'uwansa su yi masa shaida, kuma abin da unguwa ɗaya ta yarda da shi ba lallai ne duniya ta yarda da shi ba. Da na miƙa mata littafin kuwa, ta buɗe shafin, har miƙewa ta yi. Ta ce wancan mutumin nasu da ya karanta komai, to ya karanta wannan ma, kuma shi ba ya tambayar me ya sa, in littafi ya ce kada a yi, ba zai yi ba. Ta ce shaidarku za ta tsaya a bayan littafin, ta nuna ba a takarda kaɗai hanin yake ba. Na tambaye ta za mu ci? Ta ce ba ta sani ba, tana iya yiwuwa su ce littafi ɗaya bai isa ba. Ta ce amma yanzu akwai abin da dole su amsa.

An shigar da ƙarar ranar Alhamis, saura kwana biyar ƙofa ta rufe. Na sa hannu a wuri huɗu. A kan takardar, sunansa ne a layin wanda ya ƙirƙira, ta nuna mini da yatsa.

Jirginmu ranar 28. Ga abin da ban gama ba. Shaidarku da littafin sai an buga musu hatimi a Najeriya, a kai ofishin jakadancin Sin a sake bugawa, a fassara, sannan alƙalan za su karɓa, don haka zan dawo da su mu yi wannan tare, ka shirya gwiwarka. Littattafansa na ajami tara ne, huɗu kawai na karanta wa Madam. Ba a sa ranar zama ba, ta ce yana iya kai shekara. Fatun kuma yau kwanansu arba'in da uku a rataye, ƙyallen nasa bai canza ba. Na mayar da su banɗakin Habsatou, na nuna mata yadda ake dubawa. Saura kwana arba'in da bakwai.

Ƙanwarka,
Yalwa